Tafiya Zuwa Tungan Magajiya, Inda Ake Koyon Taku Bayan Aikin Ƙugu

Wanda ya taso daga Kano zai je Tungan Magajiya, idan ya iso Kaduna hanya biyu ce a gabansa. Akwai gajeriya, wadda ta ratsa dajin Birnin Gwari ta ɓulla Tegina. Akwai kuma doguwa, wadda ta gangara kudu har mararrabar Dikko kusa da Suleja, sannan ta karyo ta Minna da Zungeru. A 'yan shekarun nan doguwar direbobi da yawa suke zaɓa saboda halin tsaro, mu ma ita muka bi. Lokacin kaka ne, an fara yankan dawa, iskar hunturu kuma ta fara leƙowa da sassafe. Kayana ba su da yawa: jakar tufafi, sai wani kwali da na roƙi yaran mota kada su ɗora masa buhu. A cikinsa akwai kujerar bayan gida mai dogayen ƙafafu, da sandar dogarawa ta ƙarfe, da 'yan takardu masu zanen yadda ake motsa ƙafa.

Abin da ya tashe ni 'yar yayata ce. Matashiya ce da ta ba shekara ashirin baya, tana koyar da yara a islamiyyar unguwarsu, kuma da ciwon sikila aka haife ta, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Tun tana sakandare ta fara kukan matsematsinta na dama. Daga ciwo sai ɗingishi, daga ɗingishi har ta kai ba ta iya zuwa makaranta sai an kai ta a babur. Aka yi na gida, aka yi na kemis, har dai hoton ƙashi ya nuna kan ƙashin cinyar ya mutu ya lotse. Aikin canza gaɓa na miliyoyin naira ne, don haka dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka sayar da dabbobi, aka jinginar da gona, aka yi mata shi a Kano. Ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ta zauna a gidana har aka cire ɗinki ta fara takawa da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, sannan aka mayar da ita gida a motar shata, ana tafiya ana tsayawa tana miƙe ƙafa. Ba a daɗe ba yayata ta kira ni a waya ta ce, "Yarinyar nan ta koma kwanciya. Mun ce a bar ta ta huta, in ciwon ya warke ta tashi." Wannan maganar ce ta sa na ɗaure kaya.

Kafin in kama hanya na biya wurin wani aminina, likitan gashin ƙashi, na karanta masa halin da ake ciki. Ya jawo takarda ya zana mini. Gaɓar ƙugu turmi da taɓarya ce: kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a cikin gurbinsa yana juyawa. Hanyoyin jinin da ke ciyar da wannan kai ƙanana ne, kuma ba su da yawa. Ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe su yi tauri, su toshe irin waɗannan ƙananan hanyoyi. Da zarar jini ya daina isa, ƙashin ya fara mutuwa a hankali, nauyin jiki ya danne shi ya lotse, ƙafa ta gajarta. Abin da likita ke yi shi ne ya yanke mataccen kan, ya soka ƙarfe a ramin ɓargon ƙashin cinya, ya ɗora masa sabon kai na ƙarfe ko na tangaran, sannan ya shimfiɗa wa gurbin kofi mai roba mai ƙwari a ciki. Wani likita Bature, John Charnley, shi ya daidaita wannan fasaha a asibitin Wrightington da ke Ingila a 1962. A lokacin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, jariri ne. Yau kuwa shi ne madogarar mutanen Arewa da ma maƙwabtanmu na Nijar a kan lalurar ƙashi da gaɓa.

Da ya gama zanen sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, likitan tiyata ya sa ƙarfe, amma ƙarfe ba ya tafiya da kansa, tsoka ce take ɗaukarsa. Tsokar yarinyar nan kuwa shekara da shekaru tana kwance saboda ɗingishi. In kuka bar ta a gado, gonar da kuka jinginar ta tafi a banza." Da wannan guzurin na shiga mota.

Muka kwana a Minna, domin ba a son dare ya riski mutum a wannan hanya. Da safe muka ƙetare Kogin Kaduna a Zungeru, garin da Turawa suka mai da hedikwatar mulkinsu na Arewa a 1902 kafin su koma Kaduna, inda kuma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Yanzu madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700 ce ta sake fito da sunansa. Da muka doshi Tegina hira ta yi sanyi a mota, kowa ya koma salati, don ba a manta da yaran islamiyyar da aka sace a garin a 2021 ba. Allah Ya kiyaye, muka isa Kontagora lafiya, garin Umaru Nagwamatse jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, inda har gobe sarki ke amsa sunan Sarkin Sudan. A tasha na canza mota, na shiga wadda ta nufi Rijau da Zuru.

Daga nan hanya ta canza hali. Kwalta a nan, jar ƙasa a can, direba na kaucewa rami yana faɗawa wani. Kowane girgiza muka yi sai in tuna cewa ta nan aka bi da yarinya mai sabon ɗinki, kuma ta nan za a sake bi da ita duk lokacin da likita ya ce yana son ganinta. Dama da hagu gonaki ne na dawa da gero da wake da gyaɗa, mata na ɗauke da dammuna, yara na kora shanu. A cikin motar akwai Dukawa da Kambari da Dakarkari da Fulani, kowa na magana da ɗan'uwansa da harshensu, amma in za a yi cinikin rake ta taga ko a yi wa direba faɗa, Hausa ake komawa.

Tungan Magajiya na cikin Ƙaramar Hukumar Rijau, a masarautar Kontagora. Gari ne da ya daɗe da sanin aikin asibiti, don asibitinsa ya samo asali tun zamanin 'yan mishan, kuma akwai makarantar koyon aikin kiwon lafiya da ɗalibai ke zuwa daga sassan Jihar Neja. Masallaci da coci suna maƙwabtaka, mutane kuma sun saba da baƙo. Tun daga bakin titi wani yaro ya karɓi kwalina ya ɗora a ka, ya raka ni har ƙofar gida bai tsaya jiran lada ba.

Bayan gaishe-gaishe da shan ruwa, Yaya ta shigar da ni ɗakin. Na tarar da yarinyar a kan katifa, katifar kuma a ƙasa. Abin dogarawar yana jingine a lungu an rataya masa hijabi.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ya hanya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Kawu." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Tsoro nake ji. Duk sanda za a tashe ni sai mutum biyu sun ja ni, ni kuma ji nake kamar abin zai zame. Shi ya sa na ce su bar ni."

Nan take na gane ba lalaci ba ne, kuma ba sakacin uwa ba ne. Gidan ne bai shirya karɓarta ba. Ka'idojin da aka ba ta a asibiti guda uku ne, na makonni shida zuwa goma sha biyu na farko, kafin naman da ke kewaye da sabuwar gaɓa ya haɗe ya riƙe ta: idan ta zauna kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsayi, kada ta harɗe ƙafa, kada kuma ta murɗa ƙafar zuwa ciki. Ka'idojin kan bambanta gwargwadon ta inda likita ya shiga, shi ya sa kowa sai ya riƙe na likitansa. To, mai irin nata ka'idojin, ina za ta sa kanta a gidan Bahaushe? Mu komai namu a ƙasa yake. A tabarma muke ci, a tabarma muke hira, a kujera 'yar tsugunno ake girki da wanki, tsintsiya gajeriya ce sai an duƙa, bayan gida kuma na tsuguno ne. Takardun da na zo da su an zana su ne don gidajen da ke da gado mai tsayi da teburin cin abinci. Kowane motsi na yau da kullum a tsakar gidan Yaya keta dokar likita ne, yarinyar kuwa ta fahimci haka da jikinta, sai ta zaɓi kwanciya.

Da daddare muka zauna da Yaya da maigidanta da wata gwaggon yarinyar. Gwaggo ta kawo shawarar a kira mai ɗori ya zo ya ja ƙafar ya gasa ta da ruwan zafi, don ta ga ya yi wa mutane da yawa sun miƙe. Na ce, "Gwaggo, masu ɗori sun yi wa jama'a hidima tun kafin asibiti ya zo, ba mai musun wannan. Amma nan babu karayar da za a ɗora. Ƙarfe ne a cikin ƙashi, ƙashin mai sikila kuma ba shi da ƙwarin na kowa. Ja ɗaya zai iya gocar da gaɓar ko ya tsaga cinyar, mu koma Kano da sabon aiki." Ta jinjina kai ta ce Allah Ya sawwaƙe. Na juya ga Yaya na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, tausayi ne ya sa kika bar ta a kwance, na sani. Amma kwanciyar nan tana iya daskarar da jini a ƙafa, tana cinye tsoka, tana jawo ciwon ƙirji. Mu gyara mata gida ta tashi." Maigidan ya ce gobe da sassafe zai turo kafinta.

Kafintan ya zo da tef ɗinsa a wuya da fensir a bayan kunne. Muka tsayar da yarinyar a jikin abin dogarawa, ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta, ya ƙara 'yan yatsu a sama. Da wannan awon ya haɗa gadon katako, ya kuma haɗa kujera mai hannuwa biyu da za ta dafa ta miƙe, ba mai lotsawa ba. Mai walda ya kafa ƙarfen kamawa a bangon bayan gida, muka ɗora kujerar da na zo da ita a kan bakin masai, aka zuba siminti inda ƙasa ke santsi. Aka kwashe tabarmi da kwanuka da igiyar akuya daga hanyarta, aka sa fitila mai caji a bakin gado saboda fitar dare. Ƙanwarta ta ɗinka matashi mai kauri na sawa tsakanin cinyoyi lokacin barci. Kuɗin duka bai kai na akuya biyu ba.

Abin da ya fi damun ta ashe ba ciwon ba ne. Salla ce. Tun da aka yi aikin goshinta bai taɓa ƙasa ba, kuma tana ganin kamar ibadarta ta tawaya. Limamin unguwa ya shigo dubiya, aka gaya masa. Ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mata bayani a natse cewa malamai ba su yi saɓani ba a kan mai lalura ya yi salla yadda ya iya, a tsaye ko a zaune, ya yi nuni da ruku'u da sujada, ladansa kuma cikakke ne. Ya ce ba laifi ƙanwarta ta wanke mata ƙafa wajen alwala tunda duƙawa za ta cutar da ita. Na ga fuskarta ta saki. A ganina wannan zaman na liman ya yi aikin da ba ƙaramin magani zai yi ba.

Sai motsa jiki. Muka tsayar da lokaci: da hantsi in rana ta ɗumama tsakar gida, da bayan azahar, da kuma kafin magariba. Tana kwance za ta riƙa ɗaga tafin ƙafa sama tana mayarwa ƙasa don jini ya gudana. Ta danna bayan gwiwa a katifa ta ƙirga biyar ta saki. Ta matse tsokar mazaunai ta saki. Ta jawo diddige a hankali zuwa jikinta ba tare da ta wuce iyaka ba. Sannan ta miƙe ta kama bayan kujera, ta buɗa ƙafar zuwa gefe ta dawo da ita. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma shi ne mai muhimmanci, domin tsokar gefen ƙugu ce ke hana mutum rangaji in ya taka. Ranar farko ƙafar ko taƙi ɗaya ba ta buɗu ba, gumi ya keto mata, ta ce, "Kawu, ba ta jin magana." Na ce, "Za ta ji, ɗiyata. Sannu ba ta hana zuwa." Ƙanwarta ta sami littafin rubutu ta ja layi, tana rubuta abin da aka yi kowace rana da inda aka taka aka tsaya: yau bakin ƙofa, gobe gindin rijiya, jibi zaure.

Dokin ƙofar ɗakinta yana da ɗan tudu, a nan muka koyi dokar hawa da sauka: in za a hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za a sauka, sanda da ƙafar da aka yi wa aiki su ne gaba. Da muka ga ta fara ƙarfi, na hau kan wani tudu a bayan gida inda sabis ke kamawa, na tura wa aminina bidiyon tafiyarta ta WhatsApp. Bai jima ba ya kira. Ya ce ta ci gaba da abin dogarawar har likitanta ya ga sabon hoto ya ba da izini, kuma in an koma sanda a riƙe ta a hannun hagu, wato ɓangaren da ba a yi wa aiki ba, domin yawancin mutane a ɗaya hannun suke riƙewa su ƙara wa gaɓar nauyi. Magana ce ta minti biyu, amma da ba waya sai an yi tafiyar yini da kwana kafin a ji ta.

Jinyar mai sikila tana da nata ƙarin sharuɗɗa. Gajiya mai tsanani da ƙishirwa da sanyi da zazzaɓin cizon sauro duk suna tayar da ciwon, don haka motsa jikin nata kaɗan-kaɗan ne, sau da yawa, da butar ruwan sha a gefe. Aka ɗaura gidan sauro a sabon gado, aka tanadi rigar sanyi da safa saboda hunturu, aka daina yi mata wanka da asuba. Magungunanta na kullum, folik asid da wanda likitan jini ya ɗora ta a kai, aka jera su a inda ido zai gani. Ita da kanta ta san bambancin tsamin tsoka na wanda ya motsa da kuma ciwon da ke cin ƙashi in sikila ta tashi, muka ce in ta ji na biyun a dakata. Na rubuta wa Yaya da manyan baƙaƙe abubuwan da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, ko wurin aikin ya yi ja yana fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko ciwon ƙirji da numfashi sama-sama, ko ƙafar ta gajarta farat ɗaya ta juya. Masu sikila sun fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, in kuwa cuta ta kama jikin ƙarfe, fitar da ita babban aiki ne.

Wata yamma wata maƙwabciya ta yi sallama, riƙe da hannun ɗanta da bai wuce shekara bakwai ba. Ta ji an ce baƙo ya zo daga Kano da takardun asibiti. Na gaya mata ni ba likita ba ne, ta ce duk da haka in duba. Yaron ƙarami ne a kan shekarunsa, ƙwaurinsa ya lanƙwashe, haƙoransa sun dushe, farin idonsa kuma ya ja zuwa shuɗi. Ta ce ya sha karyewa, wani lokaci daga faɗuwar da ko kuka wani yaron ba zai yi ba, har an fara cewa sammu ne ko iska. Mahaifinsa ma, in ji ta, haka ya yi ta karyewa yana yaro, yanzu kuma kunnensa ya yi nauyi. Na roƙe ta su kai shi asibitin ƙashi, su kuma faɗa wa likita labarin mahaifin, domin alamomin sun yi kama da wata cutar gado da aminina ya taɓa ba ni labari, cutar gautsin ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyojenesis imfafekta. Ana samunta a kusan haihuwa 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. Tushenta tawaya ce a sinadarin kolajin, wanda shi ne zaren da ke ba ƙashi juriya.

Irin waɗannan cututtukan gado na ƙashi ba su da yawa, amma suna nan a cikinmu, sau da yawa ba a san sunansu ba. Akwai kishiyar ta yaron nan, wadda wani likita Bajamushe, Albers-Schönberg, ya bayyana a 1904, inda ƙashi ke yin tauri fiye da kima har ramin ɓargo ya toshe, amma duk da taurin yana saurin tsagewa kuma yana jinkirin haɗewa. Masu irin waɗannan lalurori ƙugunsu kan lalace da wuri, wasunsu su kai ga canza gaɓa suna da ƙuruciya. Aikinsu ya fi na kowa wuya, don wani sai an nemo ƙarfe ƙarami daidai jikinsa, wani kuma ƙashin na iya tsagewa ana cikin aiki. Jinyarsu ma haka take. Mai lafiyayyen ƙashi akan tsayar da shi ya taka washegarin aiki. Su kuwa likita kan ce a ɗora nauyi kaɗan-kaɗan, ba a ƙara mataki sai hoto ya nuna ƙashi ya kama ƙarfe, ba a ja, ba a murɗawa, ba a tausa da ƙarfi, kuma sanda kan daɗe a hannunsu. Faɗuwa ɗaya a bakin rijiya ta isa ta rushe komai. Duk abin da muka yi wa gidan Yaya, nasu gidan ya fi buƙatarsa ninki biyu.

Sikila kuwa ba ta cikin cututtukan da ba a cika gani ba, a wurinmu dai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita a duniya. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a ƙasar nan kowace shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da rukunin jini na AS. Yayin da kulawa ke ƙaruwa yaran na girma, masu neman aikin ƙugu ma za su ƙaru. Ƙarfen kuma yana da wa'adi. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin ƙugu da aka dasa suna kai shekara 25. Dattijo wannan ya ishe shi, amma 'yar shekara ashirin da 'yan kai dole ta yi tattali: ba ɗaukar kaya mai nauyi a ka, ba tsalle, ba barin jiki ya yi ƙiba, kuma a riƙa duba ɗaya ƙugun, don ciwon kan taɓa ɓangare biyu.

Yaya ta ja ni gefe ta yi tambayar da ke cin ranta: "To aure fa? Za ta haihu?" Na ce mata matan da aka canza wa ƙugu suna aure suna haihuwa, sai dai cikin mai sikila na asibiti ne tun daga farko har ƙarshe. Babban abin shi ne duk wanda ya fito a yi masa gwajin jini tun magana ba ta yi nisa ba. Yaya da maigidanta duka AS ne, ba su sani ba sai bayan haihuwa, kuma a irin wannan haɗi kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato sikila. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure wadda ta haɗa da wannan gwaji. Ko da doka ko babu, iyaye da limamai da fastoci su ne za su iya mai da shi al'ada.

Abin da ya tsaya mini a rai a zaman nan shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakin tiyata da tsakar gida. Likitocin gashin ƙashi yawancinsu a manyan birane suke, Kano da Zariya da Sakkwato da Minna, marasa lafiya kuwa ƙauyuka suke komawa. Garin da ke da makarantar horar da ma'aikatan lafiya a cikinsa yana da abin da zai cike wannan giɓi. Da za a koya wa kowane ɗalibi yadda ake auna gado da kujera, da motsa jikin nan guda biyar, da alamomin haɗari, sannan a haɗa shi da likitan gashi ta waya, da an ceci ayyuka masu yawa daga lalacewa. Da za a fassara takardun sallama zuwa Hausa a zana su da tabarma da buta da masai, da uwa irin Yaya ba ta zaci kwanciya ce magani ba.

Kafin in taso yarinyar ta kai zaure da ƙafarta, ta kuma aika a gaya wa ɗalibanta su riƙa zuwa gida da allunansu. Suka cika tsakar gida, ita tana kan doguwar kujerarta tana biya musu, su suna ƙasa. Muka tsayar da ranar komawa Kano ganin likita, maigidan Yaya ya yi magana da direban da zai ba ta kujerar gaba, aka kuma amince ba za ta hau babur ba sai likita ya ce. Na bar littafin a hannun ƙanwarta, na kama hanyar Kontagora.

Ga duk dangin da ke haɗa kuɗin irin wannan aiki, shawarata ita ce tun ranar da aka fara karo-karo a ware na kafinta da mai walda da kuɗin motar komawa asibiti. A gyara ɗaki kafin mara lafiya ya dawo. A zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri a gida wanda zai tsaya a gaban likitan gashi ya koyi komai da idonsa, ya karɓi lambar waya, ya riƙe littafi. Likita yana gama nasa cikin 'yan sa'o'i, na gida kuwa watanni yake ɗauka, kuma shi ne ke mayar da mutum gona ko kasuwa ko aji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da sanin abin da ya dace.